Goyon Bishiyar Allura

Tun zamanin da duwatsu ke da ƙofofi, aljanu kuma ba su daina shanya kayansu a fili ba, aka yi wani tsoho mai saran itace a ƙauyen Gangare, sunansa Barmo. 'Yarsa ɗaya ce tal, Tabawa, ita ke riƙe da gidan tun rasuwar uwarta. Tabawa kuwa Allah ya yi ta da ƙyanƙyami irin wanda ba a saba gani ba. Idan baƙo ya yi tari a zaure, sai ta ruga ta rufe randa a tsakar gida. Idan akuya ta sansana turmi, turmin nan ya sha toka da ruwan zafi ke nan har sai ya fara tsagewa. Ko ubanta, in ya dawo daga daji, ba ya tsallake dokin ƙofa sai ya wanke ƙafa.

Wata rana da hantsi Barmo ya hau dutse da jakinsa neman itace, sai ya tarar da wani ɗan kasko ajiye a kan falalen dutse. A cikin kaskon akwai bishiya, tsawonta bai fi na muciya ba, amma da ganinta ka ga tsohuwa tukuf. Gindinta a murɗe, ɓawonta ya faffashe kamar diddigen manomi, ganyenta siri-siri kamar allurai, kore shar, tana ƙamshin ƙaro. Barmo ya dubi hagu, ya dubi dama, ya ce, "Kai, Allah ya kawo asuwaki." Ya kama kan bishiyar ya ɓalle, ya kai baki. Bai gama tausasa bakin asuwakin ba guguwa ta sure shi.

Rana na tsaka, Tabawa na ɗauraye ƙwarya, sai ga guguwar nan ta sauka a tsakar gidansu. Ta tsaya cak, wani dogo ya fito daga cikinta sanye da fararen kaya, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa.

Ya ce, "Ke ce 'yar mai asuwaki?"

Ta ce, "Wane asuwaki kuma?"

Ya ce, "Za ki gani."

Kafin ta ajiye ƙwaryar ta ga kanta a cikin wani birni a tsakiyar dutse. Daɓen garin na sheƙi kamar madubi. Babu ƙuda, babu juji, babu ko tsinke a ƙasa, ko'ina sai ƙamshin turare. Duk da tsoron da take ji, sai da ta ce a ranta, da ma a nan aka haife ni. Hagu da dama kasake ne jere a kan duwatsu masu santsi, kowane da 'yar bishiyarsa mai ganyen allura, kowace an nannaɗe rassanta da zaren tagulla an karkatar da su. Aljanu masu fararen hannaye na zagayawa da almakashi suna datsa nan, suna datsa can.

A ƙarshen jerin ta ga kaskon da ba bishiya a ciki. Ubanta ne a ciki. An mayar da shi ɗan ƙarami kamar bishiyoyin, an binne ƙafafunsa a ƙasa har gwiwa, an nannaɗe hannunsa ɗaya da tagulla an ɗaga shi sama.

Ta ce, "Wayyo Baba!"

Ya ce da wata 'yar siririyar murya, "Tabawa, kin zo? Jakin nan fa yana can kan dutse, ban ɗaure shi ba."

"Baba, ana ta kai kana ta jaki? Me ka yi musu?"

"Asuwaki kawai na yi. Ɗaci ma gare shi, wallahi ban ji daɗinsa ba."

Sai aka busa wani abu kamar sarewa, aljanu suka zube. Sarkinsu ya fito, Sarki Murɗau, siriri, fari fat, faratansa dogaye masu ƙyalli kamar an wanke su da madara. Ya tsaya nesa da ita kaɗan, ya kare hancinsa da ƙyallen alharini.

Ya ce, "Ya ke 'yar Adam, ki sani bishiyar da ke cikin wannan kasko tun kakan kakana take gidan nan. Mun fitar da ita ta sha hantsi, ubanki ya tauna kanta, ta zubar da ƙaronta ta mutu. A Birnin Kasake kuwa kasko ba ya zama wofi. Wanda ya cire, shi ke shiga."

Tabawa ta durƙusa, ta ce, "Ranka ya daɗe, tsoho ne, bai sani ba. Ba hanyar da za a fanshe shi?"

"Akwai. Ki tafi Dutsen Iskoki, inda irin waɗannan itatuwa ke fitowa da kansu a tsagunan dutse. Ki haƙo mini tsohuwa wadda iska ta tanƙwara, ki kawo ta da ranta, ganyenta kore. Ranar da ta shiga kaskon nan, ubanki ya fita. Mu ba ma zuwa can da kanmu, domin hanyar ƙazama ce, mu kuwa ba ma taɓa ƙazanta. Amma ki hanzarta. Yatsun ƙafarsa sun fara neman ƙasa. Da zarar sun zama saiwa, za mu ciro shi mu datse su, yadda muke yi wa kowace bishiya don kada ta girma. Wanda aka datse wa saiwa ba ya sake magana, ba ya sake sanin nasa."

Aka jefo mata dagi daga nesa. Barmo ya ce, "'Yata, ki bi a hankali. In kin ga jakin..." Guguwa ta ɗauke ta kafin ya ƙarasa.

Aka dire ta a bakin wata fadama. Ruwan kore ne mai kauri kamar kunun da ya kwana biyu, yana tsiyayar kumfa, matsattsaku na iyo a samansa. Ɗoyin wurin ya bugi Tabawa har ta ja baya ta toshe hanci da ɗankwali. Sai ruwan ya dare, wani kwaɗo mai girman rumbu ya taso. Bayansa duk maruru ne, wasu sun fashe, wasu sun nuna sun yi ɗorawa.

Ya ce, "Sannu da zuwa, 'yar mutane. Ni ne Sarkin Fito. Ba mai ƙetare wannan ruwa sai a bayana."

Ta ce cikin ɗankwali, "Allah ya ja zamanin Sarkin Fito. Me ake ba ka?"

"Ba na karɓar komai sai taimako. Akwai wani maruru a tsakiyar kafaɗuna, hannuna ba ya kaiwa, ya hana ni sakat. Ki matse mini shi."

Tabawa ta ɗauko dagin za ta tsokane shi daga nesa.

Kwaɗo ya ce, "A'a. Ƙarfe a jikin sarki? Da hannu ake yi."

Ta tuna hannun ubanta a ɗage cikin tagulla. Ta hau bayan kwaɗon, ƙafarta na zamewa a kan yauƙi, ta rufe ido ta danna da hannu biyu. Marurun ya fashe, mugunya mai ɗumi ta wanke ta har gwiwar hannu. Kwaɗo ya yi wata doguwar ajiyar zuciya, ya ce, "Madalla da hannu mai laushi! Ba ki da sha'awar zama a nan? Akwai saura da yawa." Da ya sauke ta a ɗaya gaɓar, ta durje hannuwanta da yashi har fata ta saluɓe.

Ta yi ta tafiya har ta isa gindin Dutsen Iskoki. Dutse ne miƙe sambal kamar bango, kansa ya shige cikin gajimare, babu wurin sa ƙafa. A gindinsa ungulaye ne zaune sun kewaye wani mushe da ba a gane ko na mene ne ba. Magajiyarsu, wata ƙatuwa mai sanƙo, ta ɗago kai, hanji na reto a bakinta.

Ta ce, "Bismilla, baƙuwa. Ga abinci."

Tabawa ta ce, "Na gode, Gwaggo, a ƙoshe nake. Sama nake so a kai ni."

"Sai a kai ki. Amma mu ba ma ɗaukar kaya a baya, iska za ta kwashe. A maƙogwaro muke ɗauka." Ta wangale baki.

Tabawa ta leƙa. Ciki duhu ne da ɗumi, ga ragowar kalaci kwance a ƙasa yana motsi da tsutsotsi. Ta ce, "Gwaggo, ba za ki ɗan kurkure bakin ba?"

Ungulaye suka kwashe da dariya har wata ta shaƙe. Magajiya ta ce, "Ji 'yar gata! Shiga ko ki koma."

Ta shiga, ta dunƙule, ta cusa fuska a tsakanin gwiwoyi. Ta ji an tashi da ita sama, abin da ke ƙasa na zuwa yana komawa a kan ƙafafunta. Ba ta san iya lokacin da aka ɗauka ba, sai ji ta yi an amayo ta a kan dutse mai sanyi kamar ƙanƙara.

A can sama iska ba ta tsayawa. Tana zuwa ta gabas ta mari mutum, kafin ya juya ta zo ta yamma. A kowane tsagin dutse akwai 'yar bishiyar allura a maƙale, wata ta kwanta, wata ta murɗe, wata rabinta ya bushe fari ƙal rabi na da rai. A ƙarƙashinsu busassun 'ya'yansu ne warwatse, masu ɓawo kamar bayan kifi. A bakin wani kogo da jemagu suka cika, wata tsohuwa na zaune. Gashin kanta gansakuka ne, kunnuwanta cike da ƙasa.

Ta ce, "Wace ce wannan mai warin cikin ungulu?"

"Ni ce, Kaka. Tabawa sunana." Ta durƙusa ta faɗi abin da ya kawo ta, ba ta rage komai ba.

Tsohuwa ta ce, "Ni ce Uwar Tsaguni, waɗannan duk 'ya'yana ne. Murɗau bai gaji ba har yanzu? To, don tsohon nan na ba ki ɗaya. Ki saurara da kyau. Kada ki taɓa wadda saiwarta ta nutse cikin dutse, ba za ta biyo ki ba. Ki nemi wadda ke zaune a gurbi kamar tuwo a akushi. Ki ɗan girgiza gindinta, in ƙasar duka ta motsa tare da ita, to za ta fito. Ki zagaya gefe da dagi, ki ɗago ta gaba ɗaya. Kuma ki ɗauke ta da duk abin da kika same ta da shi. Kin ji?"

"Na ji, Kaka."

Tabawa ta zaga har ta sami wata kyakkyawa, mai rassa a baje kamar laima. Ta girgiza, ƙasa ta motsa. Ta zagaya da dagi ta ɗago. Abin da ta gani a ƙarƙashi ya sa ta kusa jefar da ita. Ba ƙasa ba ce, kashin jemage ne da ruɓaɓɓen ganye da gawar wani tsuntsu, duk sun cakuɗe sun yi baƙi. Wata farar fumfuna ta lulluɓe saiwoyin kamar saƙar gizo, tsutsotsi da tana na shige da fice.

Ta ce a ranta, wannan zan kai gaban sarkin da ya toshe hanci tun ina da tsabtata? Ai cewa zai yi na raina shi. Ita tsohuwar nan da ke zaune cikin kashin jemage me ta sani game da fada?

Kusa da wurin akwai wani ɗan marmaro mai ruwa garai-garai. Ta tsoma dunƙulen saiwoyin a ciki ta karkaɗe, ta bi saiwoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsa tana murje fumfunar, har suka fito fes kamar sabon zare. Ta wanke ɗankwalinta ta naɗe su. Tun da ta baro gida sai yanzu ta ji ta numfasa da daɗi.

Ba ta kai bakin gangare inda za ta kira ungulu ba, ta ji wani abu na zubo mata a hannu. Allurai ne. Koren ya koma toka-toka, suna zuba kamar gashin mai ciwo. Ta tsaya ta tara hannu tana neman mayar da su. Iska ta zo ta kwashe sauran, aka bar ta da busassun ƙirare.

Ta koma kogo tana kuka. Uwar Tsaguni ta karɓi ƙiraren, ta kwance ɗankwalin, ta dubi fararen saiwoyin.

Ta ce, "Kin wanke ta."

"Kaka, datti ne ya yi yawa..."

"Datti! Wannan farin abin da kika murje shi ne bakinta, da shi take ci da shi take sha. Ta girmi garinku, ta girmi wanda ya kafa shi. Ƙanƙara ba ta kashe ta ba, tsawa ba ta kashe ta ba, sai ke da ruwan marmaro. Uba ya tauna ɗaya, 'ya ta wanke ɗaya. Wane irin gida ne naku?"

Tabawa ta kifa goshinta a ƙasa, a kan kashin jemagen nan, ba ta ko lura ba. Ta ce, "Kaka, ki yi mini duk abin da kika ga dama, amma ki ba ni wata. Za su datse shi."

"Ba na bayarwa sau biyu. Ga su nan, tambaye su da bakinki."

Tabawa ta miƙe ta fuskanci dutsen, ta ɗaga murya cikin iska. "Ya ku iyayena na kan dutse, na kashe 'yar'uwarku da wautata. Ubana na cikin kasko. Ko akwai wadda za ta bi ni?"

Iska ta ci gaba da kukanta. Can sai aka ji ƙiƙiƙi a saman bakin kogon. Wata bishiya ce mummuna, mai ƙusumbi, wadda ke daidai inda jemagu ke sakin kashi in za su fita. Ta sunkuyo da kanta a hankali har allurarta ta shafi kafaɗar Tabawa.

Tsohuwa ta girgiza kai, ta ce, "Wannan ta yarda. Ita ma ba ta da hankali."

"Kaka, ta san abin da ake yi musu a can?"

"Ta sani. Ta ce ta gaji da iska, kuma ba ta taɓa jin an kira ta uwa ba." Ta share hanci da bayan hannu. "Haƙo ta. Amma wannan ba ta jure sanyin hanya ko bushewa. Goya ta za ki yi, dunƙulen a jikin fatarki, ba ƙyalle a tsakani. Kada ki kwance ta sai a bakin kasko. In ta fara bushewa ki jiƙa ta da ruwa mai rai, ba irin wanda kike so ba."

Dunƙulen wannan ya fi na farko muni. Laushi gare shi kamar danƙo, yana ɗiga, wani ƙaton shanshani ya leƙo ya koma. Tabawa ta sassauta zaninta, ta sunkuya, tsohuwa ta manna mata shi a tsakiyar baya. Sanyi da yauƙi suka ratsa ta har ƙashi. Ta ja zanin ta ɗaure a ƙirji, ta mayar da ɗankwali majanyi. Tana tafiya wani ruwa na gangarowa ta ƙugunta zuwa cinya, wasu ƙananan abubuwa na yawo tsakanin bayanta da hammata. Kowane taku sai ta cije leɓe.

A bakin gangare Magajiyar ungulaye ta amsa kiranta, ta dube ta, ta ce, "A'a, 'yar gata an haihu? Barka! Yanzu kam ke ce za ki ɓata mini baki." Ta haɗiye su tare, ta amayo su a gindin dutse.

A filin da ke tsakanin dutse da fadama rana ta buɗe. Tabawa ta ji dunƙulen ya fara taurarewa yana jan fatarta. Ta wuce wani rafi mai ruwa fari tas, har tana ganin tsakuwar ƙasansa. Ƙafafunta da kansu suka karkata wajensa. Ta tsaya a bakinsa tana kallo, jikinta duk ƙaiƙayi, hawaye na zubo mata. Ta juya ta sheƙa da gudu har bakin fadama. Ta cika tafin hannu biyu da koren ruwan nan, da kumfarsa da komai, ta sheƙa ta kan kafaɗarta. Ta sake, ta sake, har dunƙulen ya saki.

Sarkin Fito ya taso, ya ce, "Yau ba sai kin matse komai ba. Wanda ya yi wanka da ruwana ɗan gida ne."

A ɗaya gaɓar guguwa na jira. Dogon aljanin ya leƙo ya gan ta, ya ja da baya, ya kwashe ta da gefen iskar kamar mai ɗaukar mataccen ɓera, ya yar da ita a ƙofar birni.

Masu gadi suka gicciye mata sanduna, hannu ɗaya a hanci. Babbansu ya ce, "Ya ke ƙazama, ba a shiga Birnin Kasake haka. Ga ƙwarya can, ki wanke jikinki, ki wanke kayan da kika ɗauko."

Ta ce, "Ba zan wanke ba."

Daga cikin gari ta ji ƙarar wasa almakashi, ƙyas, ƙyas. Ta leƙa ta tsakanin sandunan. An ciro ubanta daga kasko an shimfiɗe shi a kan farin dutse. Yatsun ƙafarsa sun yi tsawo sun yi fari, suna da 'yan gashi-gashi. Wani aljani ya kama su ya tattara a hannu ɗaya.

Tabawa ta buɗe hannuwanta biyu masu baƙin yauƙi, ta nufi fararen rigunan masu gadi. Suka watse suna ihu. Ta ruga a kan daɓen nan mai sheƙi, kowace ƙafa na barin tambari, tsutsotsi na faɗowa a bayanta, aljanu na tsalle suna hawa kan duwatsu.

Ta ƙwala, "Ku tsaya! Ga ta na kawo!"

Mai almakashi ya tsaya da baki buɗe. Sarki Murɗau ya fito, ƙyallensa ninki biyu a hanci. Tabawa ta juya masa baya don ya gani. Ya daɗe yana kallon ƙusumbin bishiyar da allurarta kore shar, idanunsa suka kama ƙyalli.

Ya ce, "Lallai tsohuwa ce, kuma da ranta. Ya ke 'yar Adam, kin cika alkawari, mu ma ba ma saɓawa."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, kada a wanke ta. Yadda take za ta shiga."

"Mun sani. Ƙazantar a ƙarƙashin ƙasa take, ba ma ganinta."

Ba wanda ya yarda ya taɓa dunƙulen. Ita da kanta ta kwance zani, ta ɓamɓare shi daga bayanta, ya fita da wata ƙara kamar an cire ƙafa daga taɓo. Ta zaunar da bishiyar a kasko, ta danna gefe da yatsu a hankali. Aljanu suka zuba farar tsakuwa a kai da dogon cokali har baƙin ya ɓace. Nan take zaren tagullar da ke hannun Barmo ya warware da kansa. Tsohon ya fara girma har ya koma yadda yake, sai dai yatsun ƙafarsa sun ƙi komawa. Ya yunƙura zai tsaya, ya zube.

Tabawa na ƙoƙarin ɗaga shi, sai ta ga an miƙo wa sarki nannaɗin tagulla da wata 'yar wuƙa.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, yanzu? Ai ta sha hanya. A bar ta ta huta, ta kama ƙasa tukuna."

Bai ko dube ta ba. Ya ce, "Tsakaninmu da ke ya ƙare. Wannan tamu ce."

Ya sa faratan nan masu ƙyalli ya kama reshen da ya shafi kafaɗarta a kan dutse. Ya nannaɗe shi, ya danne shi ƙasa. Ya ɗora wuƙar a kan ƙusumbin, ya feɗe ɓawon tun daga sama har gindi, don farin cikin itacen ya fito a ga ta ƙara tsufa. Ƙaro ya tsattsafo yana gangarowa. Wani bafade ya yi maza ya goge shi da alharini kada ya ɓata tsakuwa. Sauran suka matso suna murmushi, suna ƙamshin turare, suna cewa, "Kai, ta fara kyau! Allah ya ƙara wa sarki hannu!"

Tabawa ta dubi hannayen nan farare tas. Mugunyar kwaɗo ba ta sa ta amai ba, maƙogwaron ungulu bai sa ba. Amma a nan cikinta ya taso gaba ɗaya, ta sunkuya ta kelaya amai a kan daɓen, daf da ƙafar sarki. Fada ta kaure da kururuwa. Sarki ya yi tsalle baya yana kiran a kawo ruwa, a kawo turare, a fitar da su.

Ta goge baki da bayan hannu. Ta durƙusa, ta ja ubanta ta ɗora a bayan nan nata mai danshi, ta ja zani ta ɗaure. Ba wanda ya tare su har ƙofa.

Barmo ya ɗan motsa, ya ce, "Tabawa."

"Na'am, Baba."

"Kina wari fa."

"Riƙe wuyana da kyau, Baba."

A bayansu suka ji ƙas, reshe ya karye. Sai kuma tafi ya tashi. Tabawa ta gyara goyonta, ta fita daga cikin dutsen ba ta waiwaya ba.